Na sa wa sifikuna kirosoba, ga abin da na gani cikin wata huɗu

Hayar sifika nake bayarwa a nan Katsina: walima, kamu, saukar Alƙur'ani, wani lokaci har Daura ake kirana. Tsakanin ƙaramar sallah da babba tuwita uku suka ƙone mini. Ba Twitter ta waya ba, ƙaramar sifikar nan ta saman akwati mai fitar da siririyar murya.

Da abin ya ishe ni na kai akwatunan wurin wani mai gyara a wajen Ƙofar Ƙaura. Yana kwance ɗaya ya ɗago kai ya ce, "Malam, wa ya haɗa maka wannan?" Ashe wanda ya ƙera akwatin waya kawai ya ja daga babbar sifika zuwa tuwita, babu komai a tsakani.

Ya fasa wadda ta ƙone ya nuna mini cikinta. Kwayil ɗin, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke ciki, kamar gashin kai, ta yi baƙi ƙirin. Aikin tuwita sauti mai tsini ne, daga wajen haz (ma'aunin tsinin sauti) 2,000 ko 3,000 zuwa 20,000. Dukan ganga kuwa yana can ƙasa, kuma sai sifika ta yi gaba da baya sosai kafin ta fitar da shi. Babbar an yi ta don haka. Ƙaramar in bes, wato wannan sauti mai kauri, ya shige ta, ko fatarta ta yage ko kwayil ya yi zafi ya ƙone, an ɗora wa ɗan akuya kayan raƙumi.

Kirosoba, 'yar na'urar da ake sawa kafin sauti ya isa sifikun, ita ke raba musu aiki. Kafasita, wani ɗan kayan lantarki da ke cikinta, a kan hanyar tuwita tana tare sautin ƙasa ta bar na sama ya wuce. A tuwita mai om 8 (ma'aunin turjiyarta ga lantarki), kafasita mai girman maikirofarad 4.7 tana fara ragewa daga wajen haz 4,200. Sai dai ita kaɗai desibel 6 (ma'aunin ƙarfin sauti) take ragewa duk lokacin da haz ɗin sauti ya sauka da rabi, don haka mai gyaran ya sa mini kirosoba mai kafasita da kwayil, mai rage 12.

Wata huɗu ke nan ban sayi tuwita ba. Muryar mai wa'azi ta washe, tsatsar nan da ke bin bes ta tafi. Da farko na ga kamar ƙara ta ɗan ragu, har na yi masa ƙorafi, daga baya na gane hayaniya ce ta ragu.

Amma kada a ɗauka laya ce. Ihun da makirfo ke yi in an kusanto da shi gaban sifika sautin sama ne, kirosoba buɗe masa ƙofa take yi. Haka in an murɗe amfilifaya har sauti ya fara fashewa, shi ma tuwitar yake tafiya. A wani kamu a Ƙofar Marusa saura ƙiris in yi asara, yaran unguwa sun samu makunnin. Yanzu na naɗe shi da salatif a iyakar inda nake so ya tsaya.