Kwalin batirin lemun tsami: ya kama, amma sai da na sha kunya

Hutu ya yi tsawo, yara sun ishe ni da rigimar waya, shi ya sa na yi odar kwalin nan. A hoton jikinsa lemo biyu ne kacal, ɗan ƙwan fitila ya kama jajir. A ciki na samu fallayen jan ƙarfe huɗu, na tutiya huɗu, sai wayoyi masu bakin kada.

Ranar Asabar na tara su har da na maƙwabta, na cika baki cewa yau za su ga wuta daga lemun tsami. Na soke lemo biyu yadda takardar ta ce. Shiru. Na murza, na matse, na sauya wayoyi, ko ƙyalli babu. Auta ta ce, "Umma, ko shi ma lemon an ɗauke masa wuta ne?" Tsakar gida ta ɗauki dariya, ni kuwa gumi kawai nake yi.

Allah Ya kawo ƙanena mai gyaran waya, da mitarsa a aljihu. Ya auna: kowane lemo kusan volt 0.9 yake bayarwa, jan ƙwan kuma yana son kusan 2. Ya ce, "Yaya, ai biyu sun yi kaɗan, kuma kin juya ƙafar ƙwan. Doguwar ta ɓangaren jan ƙarfe take." Takardar ko kalma ɗaya ba ta faɗa ba! Muka jera huɗu, jan ƙarfen wannan zuwa tutiyar wancan. Bayan magariba ƙwan ya kama, yara suka dinga tsalle.

A nan kam na yafe wa kwalin. Kawunsu ya nuna musu ba lemon ke ɗauke da wuta ba, ruwan tsaminsa ne ke cin tutiya, wutar ta bi waya zuwa jan ƙarfe. Ya ce haka Volta ɗan Italiya ya haɗa batirin farko a 1800, da ƙyalle jiƙe da ruwan gishiri. Babban ya ɗauko dankali, shi ma ya yi.

Amma kwana uku bakin kadan suka yi tsatsa, waya ɗaya ta tsinke daga gindi. Na tura wa mai sayarwar hoto, ya gani, har yau bai amsa ba. Da na sani da ƙusar kwano da guntun wayar lantarki na saya a bakin kasuwa.