Sifikun KEF LS50 Meta: sun ci kuɗinsu?

Kusan dala 1,500 aka sayar da guda biyu lokacin da suka fito a 2020, kuma ba sa magana sai an haɗa su da amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti), wanda shi ma kuɗi ne daban. Ina da su a falo, ina kuma ganin sun ci kuɗinsu, amma da sharaɗi.

Kamfanin KEF na Ingila ya fitar da su a 2020. Dabararsu ita ce an dasa ƙaramar sifikar siririyar murya a tsakiyar babbar, sai sauti ya fito daga wuri guda. Idan na sa tsohon kiɗan kalangu, ina jin makaɗi yana matse tsarkiya yana saki, muryar mawaƙi a tsakiya, 'yan amshi a bayansa. Abin yana taɓa ni sosai.

Sai dai ba su da rugugi mai girgiza ƙirji. Mai son na gidan biki ya nemi wasu. Falo mai tayil da bangon siminti kuwa amsa-kuwwa zai cinye daɗin, sai an shimfiɗa kafet an rataya labule mai kauri. Wayoyin haɗa sifiku masu tsadar gaske ban ji bambancinsu ba. Gara kuɗin ya tafi ga sitabilaiza, saboda yadda wuta ke hawa da sauka.