Damina biyu a gidan katako: abin da na saya da abin da na tarar

Ranar da tirela ta tsaya a bakin filina da ke bayan Rigachikun, a ƙaramar hukumar Igabi ta jihar Kaduna, mutanen unguwa sun zaci katakon sayarwa aka kawo. Har wani dattijo ya zo yana tambayar nawa zan bar masa guda goma. Da na ce masa ai gida ne, sai ya dubi tulin itacen ya dube ni, ya ce, "To Alhaji, Allah ya sa albarka," ya kama hanyarsa. Yau damina biyu da hunturu biyu ke nan da tarewarmu, kuma masu tambayata in ba su shawara sun yi yawa, shi ya sa na ga gara in faɗa sau ɗaya kowa ya ji.

Abin da na saya ɗaki biyu ne da falo da baranda, daga hannun wani kamfani da ke Abuja. Ba zan kama sunansa ba, domin ina da yabo a kansu, ina kuma da ƙorafi. Su dillalai ne kawai. Ainihin gidan a Istoniya aka yanka shi, ƙasar da ta yi suna a Turai wajen fitar da irin waɗannan gidaje. Itacen fayin ne na ƙasashen sanyi, an busar da shi a ɗakin gashi, inji ya feƙe kowane gungume ya yi masa harshe a sama da kwari a ƙasa, ta yadda ɗaya zai hau kan ɗaya ya zauna daram. Kaurin bangon santimita 7 ne. Kowane guntu da lambarsa a jiki, ga littafin zane da ke nuna inda zai shiga.

Sun ce min mako goma kaya za su iso. Sai da na yi wata biyar ina jira, kwantena na zaune a tashar jiragen ruwa ta Apapa a Legas, in na buga waya a ce min "mako mai zuwa". Wannan ya ɓata min rai, amma ba shi ne babban ƙorafina ba.

Haɗa gidan kuwa, tsakani da Allah, abin sha'awa ne. Kamfanin ya turo mutum ɗaya, ni kuma na kawo kafintana da yaransa uku. Ba zarto, ba awo. A ɗauko gungume mai lamba kaza, a ɗora, a sa guntun katako a kai a buga da gudumar roba har ya shige. A kusurwa itatuwan suna sarƙe juna kamar yatsun hannu biyu. Cikin kwana huɗu bango ya kai kan taga, a kwana na tara an ɗora kwano. Ni da na gina gidana na Kawo na san abin da ake kira jiran birkila, da ban ruwan bulo, da buhun siminti da ke ɓacewa tsakanin magariba da isha'i. A nan babu ko ɗaya. Guntaye biyu ne suka zo a gajarce, kafinta ya yi musu dabara a bayan ɗaki inda ido ba ya kaiwa.

Babban ƙorafina shi ne gara. Tun daga ranar da na fara shiga ofishinsu har na biya kuɗin ƙarshe, babu wanda ya ambaci sunanta. Littafin da ya zo da gidan ya yi dogon bayani a kan nauyin ƙanƙara a saman rufi, bai ce komai a kan gara ba, don ba matsalar can ba ce. Kafintana ne ya ɗaga wani guntu ya shinshina, ya soka masa farce, ya ce, "Yallabai, wannan itacen a wajen gara rake ne a hannun yaro. In ka aza shi a ƙasa yadda suka zana, kafin shekara uku sai dai ka share wuri." Kuma gaskiyarsa. Duk wanda ya san ƙasar Igabi ya san suri a ko'ina yake, akwai wani ma da ya fi ni tsawo taku hamsin daga ƙofata.

Saboda haka, tun kafin mu aza gungumen farko, muka dakatar da aiki mako biyu muka sake harsashi. Muka ɗaga shi santimita 60 daga ƙasa, aka shayar da ramin da kewayensa maganin gara kafin a zuba kankare. Na je Panteka, kasuwar masu aikin ƙarfe ta Kaduna, aka lanƙwaso min fallen ƙarfe da muka shimfiɗa tsakanin kankare da gungumen farko, bakinsa ya leƙo waje ya sunkuya ƙasa. Wannan ba ya kashe gara, abin da yake yi shi ne ya tilasta mata fitowa fili. Ita gara ba ta son iska da haske, rufaffiyar hanya take ginawa da laka ta bi ciki, to in za ta tsallake ƙarfen dole ka ga hanyar. Layi uku na ƙasa muka shafe su da Solignum, maganin kare katako daga gara. Kafinta ya so mu haɗa da baƙin mai kamar yadda ake yi wa katakon rufi, na ƙi, saboda wari da kuma yadda zai ɓata launin itacen. Duk wannan daga aljihuna ya fito, ba ya cikin lissafin da kamfani ya ba ni. A daminar farko, wata Juma'a da safe, na ga siririyar hanyar laka kamar kaurin fensir ta hau kankaren gabas ta tsaya cak a ƙarƙashin ƙarfen. Na kankare ta, na bi ta har gindinta na zuba magani. Tun daga ranar ba na fashin zagaya gidan duk Juma'a.

Sai hunturu. Wani dare a watan Janairu muka ji ƙara ƙas, kamar an karya kara a tsakar ɗaki. Uwargida ta farka a firgice ta ce, "Alhaji, akwai mutum a waje." Na haska fitila ban ga kowa ba. Da gari ya waye muka ga tsaga a jikin wani gungume, tsawon kamu ɗaya. Iskar hunturu ce ke zuƙe sauran danshin itacen, yana tsukewa. Irin wannan tsagar ba ta ratsa bango, ba ta rage masa ƙarfi. Amma tsukewar tana sa bangon gaba ɗaya ya sauka a hankali, shi ya sa masu yanka gidan suka bar fili a saman kowace ƙofa da taga, aka rufe da allon ado. Filin da aka bari yatsa uku a ƙofar falo, zuwa Fabrairu ya koma yatsa ɗaya. Da damina ta sauka itacen ya sha danshi ya ɗan koma.

A nan ne na yi kuskuren da nake so kowa ya kiyaye. Kaduna ce, ba wanda zai kwana a gida babu ƙarfen taga. Na sa aka ɗaure ƙarafan da dogayen kusoshi a jikin bango, kowane ƙarfe ya kama gungume biyar ko shida. Da bango ya zo sauka, ƙarfen ya riƙe shi, sai ga haske yana shigowa ta tsakanin itatuwa, ƙura na biyo shi. Dole muka kwance duka muka mayar da su jikin firam ɗin taga kaɗai. Haka ma dogon kabad da bututun ruwa, kada a ɗaure su a gungume fiye da ɗaya sai da rami mai tsawo da kusa za ta iya zamewa a ciki.

Abin da ya sa ban yi da-na-sani ba shi ne bazara. A gidan bulo, zafin da bango ya sha da rana shi yake amayar maka da dare, ka jingina bayanka ƙarfe goma sha ɗaya ka ji shi kamar tanda. Katako ba ya ajiye zafi haka. A watan Afrilu, da rana ta faɗi muka buɗe tagogi, ɗakin yakan huce kafin mu gama cin tuwo. Sai dai fa mun sa abin tare zafi a ƙarƙashin kwano, in babu shi rufin kaɗai ya isa ya gasa mutum. Kicin kuma da bulo na gina shi a gefe, ban yarda gas da wuta su kwana a cikin itace ba, wayoyin lantarki ma duk a cikin bututu suke. Takardar izinin gini daga KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kaduna, na nema kamar kowane gida.

Kuɗi kam ba sauƙi. Da kuɗin waje ake saye, ga kwastan, ga tirela daga Legas, ga harsashi. Da na haɗa lissafi ya fi abin da zan kashe a gidan bulo mai girmansa. Wanda ke neman araha kada ya nufo nan. Kuma abin da ke ci min rai, muna da itacen da ya fi wannan jure gara, irin su tik da ake shukawa a dajin Nimbia a kudancin jihar nan, da loko, da madaci. Abin da muka rasa shi ne mai busar da shi yadda ya kamata da injin da zai feƙe shi daidai. Katakon kasuwarmu ɗanye ake sayar da shi, ka yi ƙofa yau gobe ta murɗe. Da zan sami mai yi min wannan aikin da tik, da ba zan sake kallon kwantena ba.

Bangon yamma ya fara kodewa, shi ne yake shan rana daga azahar har magariba. Na sayo man shafawa galan biyu, kafinta ya ce zai zo ranar Asabar mu goge shi mu shafa kafin ruwan farko ya sauka.