Romulus: sefa 500 na biya, na yi dare goma ina kallon ƙauyen da ya zama Roma

Ni tela ne, shagona yana unguwar Yelwa a nan Garwa, rubutu ba sana'ata ba ce. Amma tun da na gama kallon shirin nan na Romulus 'yan majalisarmu suka hana ni sakat da tambaya, wai ya kai a hana ido barci saboda shi ko bai kai ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, kowa ya karanta, in huta.

Akwai wani yaro mai tura fina-finai a waya da filashi can gefen babbar kasuwa. Na je wurinsa neman na Turkawa, irin na dawakai da takubba ɗin nan, sai ya duba kwamfutarsa ya ce, "Maigida, waɗannan ai ka cinye su kaf. Ga wani na Italiya, ba kowa ke ɗauka ba, amma kai da kake son tarihi zai yi maka." Sefa 500 ya karɓa ya zuba mini zango na farko, kashi 10. Kashi na 7 ya ƙi buɗewa, sai da na sake hawa babur cikin rana na koma ya sake turawa, kuɗin babur ɗin ya kusa kamo kuɗin fim. Wannan laifin yaron ne, ba na shirin ba.

Sunan shirin Romulus, an fara nuna shi a Italiya a 2020 a tashar Sky, wani mai suna Matteo Rovere ne ya ƙirƙire shi. Labarin kafuwar birnin Roma ne. Duk mai kallon ƙwallo ya san tambarin ƙungiyar AS Roma: kyarkeci mace a tsaye, jarirai biyu a ƙarƙashinta suna shan nono. To wannan hoton shi ne labarin da Rumawa suke bayarwa game da asalinsu. Suka ce akwai wani gari Alba Longa, sarkinsa Numitor, ƙaninsa Amulius ya ƙwace masa sarauta. 'Yar Numitor ta haifi tagwaye maza, Romulus da Remus, aka sa su a kwando aka jefa a kogin Tiber, ruwa ya ajiye su a gaɓa, kyarkeci ta shayar da su, wani makiyayi ya tsince su ya raina. Da suka girma suka kashe Amulius, suka mayar da kakansu kan gadonsa, suka tafi kafa nasu garin. Nan rigima ta tashi kan tudun da za a gina, ɗaya ya ce Palatin, ɗaya ya ce Abentin. Suka ce tsuntsaye su raba gardama: Remus ya ga ungulaye 6, Romulus ya ga 12. Romulus ya fara gina ganuwa, Remus ya tsallake ta don raini, aka kashe shi. Shekarar da suke lissafawa ita ce 753 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ranar 21 ga Afrilu, har yau mutanen Roma suna bikin ranar.

Na zauna ina jiran in ga kwando da jarirai. Babu. Manyan 'yan wasan ma ba Romulus da Remus ake kiransu ba. Daren farko haushi ya kama ni, har na ce gobe sai yaron nan ya dawo mini da kuɗina, ya ba ni wani fim daban da sunan wannan.

Sai a dare na biyu na gane dabarar. Masu shirin ba tatsuniyar suka ɗauka ba, sun koma bayanta ne suna tambaya: wane irin abu ne zai faru da mutane na gaske har jikokinsu su wayi gari suna cewa kyarkeci ta shayar da kakanninsu? Shirin ya buɗe da fari. Garuruwa 30 na Latinawa suna ƙarƙashin sarkin Alba, ruwan sama ya ƙi zuwa, gonaki sun bushe, dole a nemi wanda za a ɗora wa laifi. Aka duba tsuntsaye, aka ce abin bautarsu ya juya wa Numitor baya, aka sauke shi aka makantar da shi. Jikokinsa tagwaye, Yemos da Enitos, su ya kamata su gaje shi, sai Amulius ya kashe Enitos ya laƙa wa Yemos. Yemos ya gudu daji, can ya haɗu da Wiros, wani bawa maraya wanda kowa ke takawa. Ga kuma Ilia, 'yar Amulius, da aka tsare tun tana ƙarama tana gadin wutar da ba a yarda ta mutu ba. Kyarkecin kuwa, mutanen daji ne masu bautar wata uwa da suke kira Rumia, da wata mace mai jagorantarsu. Iyakar abin da zan faɗa ke nan, kada in ɓata wa mai niyyar kallo.

A watan Afrilu na kalle shi, lokacin da ɗaki ba ya kwantuwa a Garwa, Binuwai ta ja baya yashi ya fito fili. Na fitar da talabijin tsakar gida na ɗora kan benci. Ina zaune gumi na zuba, ina kallon mutane suna ɗaga kai sama suna neman hadari. Ba sai an fassara mini wannan ba.

Abin da ya fi kama ni shi ne garin kansa. In aka ce Roma, tunanin mutum yana tafiya ga manyan ginshiƙan dutse da sojoji masu hular ƙarfe. A nan ko ɗaya babu. Bukkoki ne na laka da itace, an yi musu jinka da ciyawa, da shingen itace kewaye, awaki na yawo, hayaƙi na fita ta saman rufi. Mahaifiyata ta fito alwala ta tsaya a bayana ta ɗan jima, sannan ta ce, "Kai, wannan wane ƙauye ne? Kamar hanyar garin Fitowa." Na ce, "Inna, Turai ce, ƙasar Italiya." Ta ce, "Turai da bukka? Kai dai ana yi maka ƙarya kana biyan kuɗi." Ta wuce abinta. Alhali ba ƙarya ba ce: masu tonon tarihi sun gano ramukan ginshiƙan irin waɗannan bukkoki a kan tudun Palatin, na ƙarni na 8 kafin Annabi Isa, daidai zamanin da labarin yake faɗa.

Ido na tela kuma bai bar ni na huta ba. Na sha tsayar da hoto ina duba tufafin. Saƙa ce mai kaushi, zaren bai daidaita ba, wani wuri kauri wani wuri siriri, kamar saƙin da tsofaffi ke yi da hannu kafin yadin kanti ya kashe kasuwarsa. Ba aljihu, ba maɓalli, ba wuyan da aka yanka da almakashi mai kyau. A yafa, a ɗaure da igiyar fata, a soke da ƙarfe a kafaɗa. Launin ma na ƙasa ne da toka da ja mai duhu, irin wanda rini da saiwa da ɓawon itace ke bayarwa. Sarki da talaka bambancinsu kaɗan ne, sai ka lura da kyau. Na gaji da fina-finan tarihin da za ka ga jarumi ya fito daga yaƙi rigarsa kamar yanzu aka karɓo ta daga wurin mai guga, ɗinkin keke yana sheƙi a gefenta. A nan datti datti ne, ƙafa ta yi kaushi, farce ya yi baƙi. Wanda ya yi musu kayan nan ya san aikinsa, in da zan gan shi sai na ba shi hannu.

Sai maganar harshe, wadda ita ce daɗin shirin kuma ita ce wahalarsa. Ba Italiyanci suke yi ba, ba Faransanci ba. Tsohon Latin ne, wanda masana suka taimaka aka sake haɗawa, yaren da babu mai jin sa a duniya yau. A kunne yana da nauyi, kamar ana sara itace. Kwafin da na samu fassarar Faransanci ce a rubuce a ƙasan hoto, ƙanana kamar tururuwa. Ni da na tsaya a firamare, kafin in haɗa jimla ta wuce, sai in mayar baya. Kashi ɗaya da bai kai awa ba yakan ci mini awa da rabi. Wanda ba ya karanta Faransanci, gaskiya zai sha wuya, sai dai ya sami ɗan makaranta ya zauna kusa da shi. A waya kuwa kada ma mutum ya fara, ga ƙananan rubutu ga duhu, don yawancin abin a daji ake yinsa da dare, da hasken wutar itace kawai.

To amma ɗan makarantar ma a yi hattara da shekarunsa. Wannan ba shirin da za a kalla da iyali ba ne, na faɗa da babbar murya. Akwai jini sosai, yanka da sara ba a kawar da kyamara. Akwai tsiraici, kuma ba ya sallama kafin ya shigo. A dare na 3 ina zaune, ƙanwar matata ta kawo mini shayi, daidai nan abin ya faɗo. Na daka tsalle neman rimot, na ture kofin, shayin ya zube a kan filashin da ke gefen benci, ita kuma ta juya da sauri tana salati. Kwana biyu ba mu haɗa ido ba. Daga ranar na mayar da talabijin ɗaki, na gwammace zafi. Bautar gumaka kuma ita ce ƙashin bayan labarin gaba ɗaya, yanka ga wuta, duba da tsuntsaye, rantsuwa da abin da ba Allah ba. Jahiliyyarsu ce ake nunawa, shekaru fiye da 1,300 kafin Hijira. Wani a majalisa ya tambaye ni ko su ne Rumawan Suratur Rum. Ba su ba ne kai tsaye, na cikin sura su ne na daular gabas mai hedikwata a Kustantiniyya, waɗanda suka gwabza da Farisa a zamanin Manzon Allah (SAW). Waɗannan na fim kakannin kakanninsu ne na nesa, tun ba su san za su zama wani abu ba.

Aibinsa na biyu jan rai. Tsakiyar zangon ya yi nauyi, ana ta yawo a daji, ana ta kallon juna ba magana, har na yi gyangyaɗi sau biyu. Da sun taƙaita shi zuwa kashi 8 da ya fi ƙarfi.

Abin da ya hana ni barci bayan na gama kuwa ba Roma ba ce. Titus Livius, wanda ya rubuta labarin tagwayen a zamanin sarki Augustus, shekara 700 da wani abu ne tsakaninsa da abin da yake ba da labari, kuma shi da kansa ya kawo cewa kalmar da suke kiran kyarkeci mace da ita, da ita suke kiran karuwa, wataƙila matar makiyayin ake nufi. Ke nan su ma ji suka yi daga bakin kakanni, kamar yadda muka ji na Bayajidda: baƙo daga Bagadaza, ya sauka Daura da dare, ya nemi ruwa aka ce sai Juma'a saboda macijin rijiyar Kusugu, ya sare kansa, ya auri Daurama, aka haifi Bawo, daga nan Hausa Bakwai. Rijiyar tana nan a Daura har gobe. Kano na da Dala da Barbushe da Tsumburbura. Mu nan arewacin Kamaru muna da Sao, ƙattin da ake cewa ɗayansu yakan saɓa giwa a kafaɗa, waɗanda Kotoko na Kuseri da Gulfe suke cewa su ne kakanninsu, tukwanensu da gumakansu na laka suna ajiye a Gawi kusa da Injamena. Ina kwance ina ta saƙawa: a ce wani ya ɗauki labarin Kusugu ya yi masa irin wannan aikin. Ya bar macijin a gefe, ya nuna mana garin da ke da rijiya ɗaya, da wanda ke riƙe da ita, da dalilin da ya sa talaka ba ya ɗiban ruwa sai rana ɗaya a mako. Ya sa 'yan wasa su yi tsohuwar Hausa, su sa saƙi da walki, ba shadda mai maiƙo ba. Ni zan ɗinka kayan, rabin kuɗi.

Ga babba mai haƙuri, mai karanta Faransanci, mai ɗakin da ke da sakata, sefa 500 ba ta tafi a banza ba. Mai neman dawakai da kirari da jarumin da ba ya faɗuwa, ya tsaya kan na Turkawansa. Akwai zango na 2 da ya fito a 2022, kashi 8, inda Sabinawa, maƙwabtan Latinawa, da sarkinsu Titus Tatius suka shigo. Na riga na ba yaron kuɗi, ya ce in dawo ranar Alhamis. Na ce masa wannan karon sai ya buɗe kowane kashi a gabana kafin in bar shagon.