Ƙwaya, allura, ashana ko roba: wanne ke sakin al'ada da wuri in kin daina?

Yawancinmu in mun shiga ɗakin tazarar haihuwa tambayar ba ta wuce biyu, wanne ne bai sa ƙiba, wanne ne maigida ba zai ji ba. Da wuya ki ji mace ta tambayi nas yadda jikinta zai koma ran da ta daina, alhali nan rigimar take, sai an yaye yaro an fara maganar ƙani sannan hankali ya tashi wai jini ya ƙi zuwa. To 'yar uwa ki fara yanke yaushe kike son ciki na gaba, shi zai zaɓa maki.

Allurar wata 3 na fi son mu tsaya a kai don ita ta fi farin jini, ba wanda zai gani, ba mantuwa, Depo-Provera ce ko Sayana Press wadda ake koya maki ki riƙa yi ma kanki a cinya ko a ciki, maganin ciki iri ɗaya ne. Ita ce mai sauƙin shiga mai wuyar fita. In an tsira ta an tsira, ba a zuƙo ta, babu kuma wani maganin wanke ta duk da abin da 'yan kemis da masu sassaƙe ke faɗi, sai dai jiki ya cinye ta a hankali. Kusan rabin masu yinta in sun shekara al'ada ɗaukewa take gaba ɗaya, kuma ba taruwa jinin yake a mara ba, bangon mahaifar ne bai yi kaurin da zai zubo ba. Bayan dainawa sai ki ga wata ya wuce shiru, na biyu shiru, can sai ɗigo-ɗigo mai duhu, sannan ya fara kama lissafi. A matsakaici wajen wata 10 ake ɗauka daga allurar ƙarshe kafin ciki ya shiga, wasu har wata 18. Ba juya take mai da mace ba, jinkiri ne, amma je ki yi ma uwar miji wannan bayanin ki gani. In kina son ciki cikin shekara ɗaya kar ki taɓa ta. Allurar wata 2, Noristerat, jinkirinta bai kai haka ba.

Ƙwaya irin su Microgynon da Levofem akasin haka ce. Jinin da kike gani a satin hutu, wato satin da ba ki shan mai maganin, tsarin maganin ne ke kawo shi, shi ya sa yake zuwa cif-cif ba ciwon mara sosai. Kina ajiyewa ƙwai kan iya fita cikin 'yan makonni, akwai masu ɗaukar ciki tun ba su ga jinin farko ba. Abin da ke ba mata mamaki shi ne duk halin da al'adarki ke da shi a da zai dawo, in mai tsallake wata ce ko mai ciwo ko mai fito maki da ƙuraje, ƙwayar rufe shi ta yi kawai. Ba ta dace da mai hawan jini ba, haka mai jego da ba ta kai wata 6 tana shayarwa ba, ita akwai tata daban kamar Microlut, sai dai tana son a sha ta lokaci guda kullum.

Ashana, wato 'yar sandar da ake sawa ƙarƙashin fatar damtse, Implanon sanda 1 shekara 3, Jadelle sanda 2 shekara 5. Wajen fita kam ba ta da matsala, ana zare ta cikin kwanaki maganin ya bar jini, mafi yawa kafin wata guda ƙwai ya dawo. Matsalarta tana jiki ne, jinin nan mara kan gado, yau tsarki jibi ɗigo, mace ta rasa ta yi salla ko ta bari, azumi ya zo a shiga ruɗu. A Malikiyya mai sananniyar al'ada takan ƙara kwana 3 kan kwanakinta matuƙar bai haura 15 ba, abin da ya biyo baya jinin ciwo ne, amma mai yankewa yana dawowa gara ki zauna da malamarku ta Islamiyya ku lissafa. Kuma ki tambaya tun ranar sawa a ina ake cirewa, nawa ne, don ba kowane ƙaramin asibiti ke da mai hannun cirewa ba.

Robar mahaifa mai jan ƙarfe ba ta da homon sam, wato sinadarin da ke cikin ƙwaya da allura da ashana, tana kai shekara 10, al'adarki taki ce kina da ita kin cire ta, sai dai watannin farko jini kan ƙaru da ciwon mara, mai ƙarancin jini ta yi tunani. Ni a ganina mai tsoron rikicewar al'ada ita ta fi dacewa da ita, kunyar sawa ce kawai ke korar mutane. Akwai mai homon irin Mirena, ita rage jini take.

Maganar kuɗi, tun 2011 gwamnatin tarayya ta ce kayan kyauta ne a asibitocin gwamnati, amma ki riƙe ɗan canji don kati da gwajin ciki. A Katsina akwai asibitin Turai 'Yar'adua da Janar da asibitin koyarwa na tarayya, Daura ma akwai asibitin tarayya na FMC.

In kin daina ƙwaya ko an cire ashana wata 3 ba jini, fara da gwajin ciki, in babu ki ga likita a duba sinadarin maƙoshi (thyroid) da ƙwan mahaifa, shayarwa ma kanta tana riƙe shi. Jinin da ke jiƙa audugar mata duk awa ko mai zuwa da jiri kuwa ba na jira ba ne, asibiti a ranar. Mai neman ciki ta fara shan ƙwayar bitamin ta folik asid tun kafin ta daina, wadda kuma canza hanya kawai take so kar ta bar tazara ko ta sati, haka ake kwanika. Masu allura ku adana katin nan mai kwanan watan allurar ƙarshe, daga shi likita zai fara lissafi.