Jakar sandunan golf ta gwanjo, bayan wata shida a hannuna

Wata shida ke nan da na sayi jakar sandunan ƙwallon lambu a hannun wani mutum da na ci karo da tallarsa a wani dandalin saye da sayarwa na intanet. Da gangan na jinkirta wannan sharhi, don sanda ba ta nuna halinta a rana ɗaya. Na buga da su cikin damina, na kuma buga da su yanzu da ƙasar Kaduna ta bushe ta yi tauri. Abin da kuɗina ya saya shi ne sandunan ƙarfe bakwai na gaske, da fota mai kyau ta gangara ƙwallo cikin rami, da direba na jabu.

Direba shi ne babbar sandar da ake buɗe wasa da ita, kuma shi ya ja ni. Sunan kamfanin Titleist ne a jikinsa. A lokacin, sabon irinsa a Amurka yana kai wa wajen dala 600, amma kuɗin da mutumin ya sa wa jakar gaba ɗaya bai kai wannan ba. Ya ce wansa ne ya zo da ita daga waje, ba ya bugawa kuma. Muka haɗu a bakin wani gidan mai, na buɗe jaka, na ga komai na ƙyalli, na tura kuɗi. Kuskurena ke nan, kuma har yau yana damuna, don tsakanin wurin da filin wasanmu bai fi tafiyar minti goma ba.

A makon farko na ji sautin bai yi mini ba. Direba na gaske in ya sami ƙwallo a tsakiya, ƙara ce mai kauri, gajera. Wannan kuwa sai ka ce an bugi gwangwanin madara. Ƙwallo ta tashi, ta faɗi kusa, wata ta yi dama wata ta yi hagu. Na ɗauka hannuna ne. Na yi mako uku ina gyara tsayuwa da riƙo, har wani kadi da ya daɗe yana ɗaukar mini jaka ya ce, "Alhaji, a kai wa Baba sandar nan ya duba."

Baba dattijo ne da ya fara da ɗaukar jaka tun yana yaro, yanzu shi ke gyaran sanduna a gefen fili. Bai ko kalli sunan da ke jiki ba. Hancinsa ya fara kai wa robar mariƙi, ya miƙo mini. Warin tif ɗin keke ne sak. Ya ce robar kamfani ba ta irin wannan wari, kuma rubutun da ke kanta yana zama daidai da fuskar sanda, wannan kuwa ya karkace. Sai ya ciro ɗan maganaɗisu daga aljihu ya ɗora a fuskar direban. Ya manne.

A nan ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Kan irin wannan direba da taitaniyom ake yin sa, kuma maganaɗisu ba ya kama taitaniyom. Dalilin amfani da shi nauyi ne. Doka ta yarda girman kan direba ya kai santimita kubik (cc) 460, nauyinsa kuma yakan tsaya wajen giram 200. Baƙin ƙarfe ya kusa ninka taitaniyom nauyi, don haka mai yin jabu da ƙarfe mai araha yana da zaɓi biyu, ko kan ya yi nauyi fiye da kima, ko ya sirance bangon har ya zama ba ƙarfi. Nawa ya haɗa duka biyun. Da muka ɗora shi a sikelin kicin tare da na wani ɗan wasa mai irinsa na gaske, nawa ya fi da giram 30 da wani abu. Baba ya ja kunnena cewa gwajin maganaɗisu ba ya wadatarwa shi kaɗai. A fuska ake ɗorawa, ba a kan dunƙulen nauyin da ke ƙasa ba, kuma akwai sababbin direbobi masu fuskar kabon da gwajin ba zai faɗa maka komai a kansu ba.

Da aka jera biyun gefe da gefe, sauran suka fito da kansu. Fentin haruffa ya tsallake layi. Baƙin zoben da ke haɗa kai da ƙota yana da tazara, ga busasshen gam a gefensa. Lambar kamfani da ke wuyan sanda an karce ta da zurfi har farce yana jin ta, ta gasken kuwa sumul take. Ko rigar kan, ɗinkinta ya bambanta. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da hoto zai nuna maka, musamman da yake masu talla da yawa hoton sanda ta gaske suke ɗorawa. Laifin ba na kamfanin da aka saci sunansa ba ne. Tun 2004 manyan kamfanonin golf na Amurka suka kafa ƙungiyar yaƙi da jabu, kuma ƙiyasinsu shi ne ana ƙera sandunan bogi kusan miliyan 2 duk shekara. Dole wasu su biyo kayan gwanjo su iso mana.

Sandunan ƙarfen kuwa, G400 ne na kamfanin Ping, samfurin 2017, kuma ina yaba musu ba tare da wani sharaɗi ba. Lamba ɗaya ce a wuyan dukansu bakwai, ɗigon launin da Ping ke sawa don nuna kwanciyar sanda baƙi ne a kan kowacce, tsawonsu yana hawa a jere ba tsalle. Suna yafe kuskure. Ko ban sami tsakiya ba, ƙwallo tana tashi, kuma faɗin gindinsu yana taimaka mini a busasshiyar ƙasa inda siririyar sanda ke dunguri. Roba kawai na sake musu. Wannan gaurayen shi ne abin da ya fi ba ni tsoro, don gaskiyar bakwai ɗin ce ta rufe mini ido a kan na takwas. Na kira mai sayarwa sau biyu, ya rantse bai sani ba, daga baya ya daina ɗauka. Mai yiwuwa da gaske bai sani ba.

Amma jabu asarar kuɗi ce kawai. Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru bayan wata biyu, da wani saurayi ya turo mini hoton jaka cike, sanduna 14 cif, a farashin da ko direban kaɗai ya fi shi. Wannan karon na ce ya same ni a fili, a gaban Baba. Ya ƙi, ya ce sai dai a tasha, kuma yau yake son kuɗi. Na je da kadina. Sandunan na gaske ne, babu shakka. Sai dai a aljihun jakar akwai safar hannu da ta sha gumi, da ƙwallaye masu haruffa biyu da aka rubuta da alƙalamin maka, da katin maki da ba a gama cikewa ba. Igiyar da ake rataya alamar suna tana nan, an yanke alamar. A jikin kowace ƙota akwai tabon takardar da aka ɓare. Na tambaye shi da wace sanda yake fitar da ƙwallo daga ramin yashi, ya miƙo mini fota, wadda ba aikinta ba ne. Mai sayar da kayansa yakan kwashe aljihu, kuma yakan san labarin kowane tabo.

Na ce masa ba zan saya ba. Dokar Arewa ta ɗauki karɓar kayan sata laifi, ko da dalilin zato kawai mutum yake da shi, kuma ko ba doka, na san yadda mutum ke tara irin wannan jaka sanda bayan sanda, shekara da shekaru. Masu golf a ƙasar nan ba su da yawa. Daga Kano zuwa Zariya, daga Rayfield ta Jos zuwa filin IBB na Abuja, kusan kowa ya san kowa, kadi kuma yana gane jakar ubangidansa daga nesa. Na tura hotunan ga sakataren kulob ɗinmu don ya yaɗa wa sauran.

Yanzu sharaɗina uku ne kafin in tura ko sisi. A haɗu a fili da rana, Baba ya duba, in kuma buga ƙwallo goma. Ina neman rasit ko sunan kulob ɗin da mai kayan yake wasa, ina ɗaukar hoton lambar kowace sanda. Nawa ma na ɗauka na ajiye, don in an wayi gari an fasa but ɗin motata in sami abin nunawa.

Wani ya ba ni shawarar in sake sayar da direban in rage asara, na ƙi. Yana rataye a shagon Baba da maganaɗisu manne a fuskarsa, duk sabon ɗan wasa da ya zo neman gwanjo sai an miƙa masa ya shinshina robar. Ni kuma da sandar itace mai lamba 3, ƙanwar direba, nake buɗe wasa, har Allah ya hore mini na gaske.