Na gwada buga samfurin akwatin fitila da injin 3D

Sana'ata haɗa ƙananan fitilun sola, kuma abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya shi ne akwatin da zan zuba batir da kayan wuta. Na kasuwa ko ya yi girma, ko ramin makunni bai zo daidai ba. Wani abokina ne ya kai ni wani shago a nan Kano mai injin 3D.

Na ba su awo, yaron shagon ya zana a kwamfuta, washegari ga akwatina a hannu. Shi injin, zaren roba yake narkawa yana shimfiɗa shi hawa-hawa, kaurin kowane hawa milimita 0.2. Awa 7 ya ɗauka. A bugun farko ramin caji ya kauce da kusan milimita 2, aka gyara zane aka sake. Sai a na uku komai ya zauna daram. Nan na ga amfanin abin. Da tun farko na biya an sassaƙa mini mazubin ƙarfe, wanda ake zuba narkakkiyar roba a ciki ta fito da siffar akwatin, da wannan ɗan kuskuren ya tafi da jarina, don ƙarfe in an riga an yanka shi, gyaransa wani kuɗin ne.

Inda raina ya ɓaci shi ne robar. Wata irin roba mai suna PLA suka yi mini amfani da ita, ba wanda ya gaya mini tana fara laushi da zafi ya kai wajen digiri 60. Na bar akwatin a gaban mota da rana tsaka a watan Afrilu, na dawo na tarar murfin ya lanƙwashe. Fitilar sola kuwa a rana take wuni! Da na koma sai suka sake mini da PETG, wadda ke jurewa har wajen digiri 80. Ya kamata a ce sun tambaye ni inda kayan zai zauna.

Sannan ɗaya ya faɗi ƙasa ya tsage daidai kan layin hawan, don nan ne rauninsa. Rannan kuma aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, bugun ya lalace.

Guda 200 nake so a wata, a awa 7 kowanne lissafin ba ya fita. Don haka samfurin na uku na ɗauka na kai wa masu mazubi, na ce su yi mini irinsa sak.